Yadda za ka tuƙa mota a Saudiyya ba tare da Sahir ya cinye maka albashi ba

Duk ɗan uwan da ya fara riƙe sitiyari a ƙasar nan, ko direban gida ne a Riyad, ko mai kai kaya a Jidda, ko wanda Allah ya hore masa 'yar Camry ɗinsa a Makka, tambayar da yake fara yi ita ce wai in na ɗan taka mota kama ni za a yi ko zan sha? To a gida wannan tambaya tana da ma'ana, don can lissafin sa'a ake yi, ko akwai jami'i a hanya ko babu, in ma akwai a sauka a gaisa a ba da haƙuri. Nan kuwa tun 2010 da aka fara kafa kyamarorin kama laifin tuƙi da ake kira Sahir a Riyad sannan aka bazu da su sauran garuruwa, yawancin mukalafar gudu, wato tarar laifin tuƙi, ba mutum ne ke rubuta ta ba, na'ura ce, ba ta san Alhaji ba ba ta san yaron Alhaji ba, sai dai kawai ka ji wayarka ta yi ƙara. Saboda haka maganar sa'a a ajiye ta gefe. Abin da ke sa a kama mutum sananne ne, wuraren da aka fi kamawa ma sanannu ne, kuma ga yadda ake bi da su ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko tun kafin ka kunna mota: ka san da sunan wa mukalafa za ta fita. Mutane suna raina wannan amma a nan rigima take farawa. Kyamara lambar mota take ɗauka, sai tsarin ya duba wa ke da motar ko wa aka yi wa tafwid (izinin tuƙa ta a rubuce) a kanta, shi ne zai ga saƙo. In motar kafilinka ce (mai gidan da kake aiki a ƙarƙashin sunansa) ko ta kamfani, a yi maka tafwid ta Absher, manhajar gwamnati ta waya, ko ta Tamm, dandalin harkar motoci na kamfanoni, ya zama a rubuce cewa daga rana kaza kai ne mai tuƙa ta. Wani zai ce ai gara kada a yi, sai tarar ta tafi kan mai motar. Kuskure ne babba. Ba tare da tafwid ba in aka tsayar da kai a shinge kana tuƙa motar da ba ka da izininta a rubuce, in kuma aka yi hatsari maganar ta'amin, wato inshora, za ta cakuɗe, sannan kafilin da saƙo ya je masa ai daga albashinka zai cire, har da wadda ɗansa ya jawo da daddare kana barci, don ba ka da wata hujja. Haka in kai ne mai motar kuma za ka ba wani aro ko da na kwana biyu ne, yi masa tafwid ɗin, minti nawa ne a waya, ka sa ranar farawa da ranar ƙarewa. Zumunci ba ya hana wannan, shi ma ya fi tsare zumuncin.

Sannan ka tabbatar lambar wayar da ke kan Absher ɗinka ita ce a hannunka. Akwai masu canza layi su manta, sai bayan wata shida su je sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, a ce musu ana bin su dubu kaza, ga lokacin ƙorafi ya wuce ga rangwame ya wuce.

Mataki na biyu, ka san lambar da ke kan allon hanyar da kake kai da kuma ɗan rarar da ake bari. Manyan hanyoyi tsakanin garuruwa yawanci 120 ne, amma tun watan Fabrairun 2018 aka ɗaga wasu zuwa 140 ga ƙananan motoci, irin su hanyar Makka zuwa Madina, Jidda zuwa Madina, Riyad zuwa Ɗa'if da Riyad zuwa Ƙasim. A kan waɗannan hanyoyin bas 100 ne iyakarsa, babbar mota 80, don haka mai tuƙa Coaster ko Dyna kada ya ga 140 ya ce da shi ake. Cikin gari kuma ba lamba ɗaya ba ce, wani titin 70 wani 80 wani 100, kusa da makarantu da cikin unguwa ƙasa da haka sosai, allon da ka wuce na ƙarshe shi ne alƙalinka.

Ga yadda jadawalin tarar yake a hanyar da iyakarta 120 ce ko ƙasa da haka. In ka ɗara da fiye da 10 zuwa 20, riyal 150 zuwa 300. Daga 20 zuwa 30, riyal 300 zuwa 500. Daga 30 zuwa 40 sai ta yi tsalle ta koma 800 zuwa 1,000, daga 40 zuwa 50 kuma 1,200 zuwa 1,500, abin da ya haura 50 shi ne 1,500 zuwa 2,000. Ka ga ke nan goman farko ba a rubuta maka, a titin 80 in kana 88 ba abin da zai same ka.

Amma a hanyar 140 labarin ya canza, kuma a nan ne 'yan uwa suka fi faɗawa, saboda sun saba da wancan goman sai su ɗauka ko'ina haka yake. A'a. Rarar can ba ta wuce 5 ba, kuma babu matakin 150 kwata-kwata: ɗarawa da fiye da 5 zuwa 10 riyal 300 zuwa 500 ne kai tsaye, daga 10 zuwa 20 riyal 800 zuwa 1,000, daga 20 zuwa 30 riyal 1,200 zuwa 1,500, sama da 30 kuma 1,500 zuwa 2,000. Wato mutumin da ke 155 a hanyar Madina yana ganin ai ɗan kaɗan ya ƙara, 800 ce ke jiransa. Bari mu ma yi lissafin abin da ya samu. Tafiyar kilomita 400 a gudun 140 tana cin awa 2 da minti 51, a 155 kuma awa 2 da minti 35. Minti 16 ke nan, wanda tsayawa shan shayi ɗaya a mahaɗɗa, wato gidan mai, zai cinye shi. A ce albashinka 1,500 ne, ka sayi minti 16 da fiye da rabin wata, kuma wannan in kyamara ɗaya ce ta gan ka, alhali kowace kyamara tata take rubutawa daban, kana iya isa Madina da saƙo uku.

Shawarata a nan kada ka mayar da rarar nan gudunka na kullum. An bar ta ne don gangara da ɗan kuskuren ƙafa, in ka riga ka cinye ta tun a shimfiɗaɗɗiyar hanya to gangara ɗaya za ta kai ka cikin tara.

Na uku shi ne sanin masu kamun da inda suke zama. Akwai Sahir na dindindin, wanda ke kan sanda a gefen titi ko tsakiyarsa ko a jikin kubri, wato gada, shi wannan kowa ya san wurinsa bayan sati ɗaya a unguwa, baƙo kawai yake ci da mai gyangyaɗi. Akwai mai yawo, wanda ake sa wa cikin mota a faka ta gefen hanya, ko wani ɗan akwati da ake ajiyewa a ƙasa kusa da shingen ƙarfe, yau yana nan gobe ya koma can, shi ne ya fi cin 'yan gari masu cewa ai na haddace hanyar nan. Sai motocin Murur, wato 'yan sandan hanya, na cikin gari, da Murur na sirri waɗanda motarsu ba ta da wata alama sai ka ga fitila ta kama a bayanka. A wajen gari kuma 'yan Amnut Turuƙ ne ke da hanya, su ne ke sintiri tsakanin garuruwa kuma su ne za ka tarar a shingaye, irin hanyar Shumaisi in za ka shiga Makka daga Jidda.

To ina ne haɗarin kamun ya fi yawa? Ba tsakiyar sahara inda allo ya ce 140 kai ma kana 140 ba. Wurin da lamba take sauka ne. Kana tahowa da 140 sai hanya ta kusanci gari ko shinge ko wurin da ake gyara, allo ya koma 120, can gaba 100, can 80, kai kuma ƙafarka ta saba jikinka yana gaya maka ai a hankali kake tafiya. Mutumin da ya shiga yankin 80 da gudun 125 ya ɗara da 45, riyal 1,200 ke nan, alhali minti biyu da suka wuce bai karya dokar komai ba. Haka gangaren kubri, da fitowa daga ramukan duwatsun Makka, da manyan titunan cikin gari masu faɗi irin wanda ido ke ce maka 120 ne amma allo ya ce 80 ko 90. Sai lokaci: bayan sallar asuba da tsakar dare da safiyar Juma'a, titi fayau ba kowa, a nan ne ƙafa ke nauyi. Na'ura kuwa ba ta tashi daga aiki. A Ramadan kuma rabin awar nan ta kafin magariba kowa ya san yadda ake tuƙi, ka ajiye dabino da ruwa a mota kawai ka huta.

Na huɗu, yadda za ka riƙe motar a hanya. In motarka tana da musabbit, na'urar nan mai riƙe gudu, yi amfani da ita a doguwar tafiya, saita ta a kan lambar allo daidai ka ɗage ƙafa. Agogon yawancin motoci yana ɗan nuna sama da ainihin gudun, in ya ce 140 wataƙila kana ƙasa da haka kaɗan, wannan ribarka ce ka bar ta a haka, amma in an canza wa motar tayoyi zuwa manya to lissafin na iya juyewa, sai ka gwada da abin da Google Maps ko Waze ke nunawa a shimfiɗaɗɗiyar hanya ka san halin motarka. Da ka hango allon da ya rage lamba, ka kashe musabbit ɗin tun kafin ka iso allon, ba bayan ka wuce shi ba. Ƙarar nan da motocin Gulf ke yi in an kai 120 ma tana da amfani, kada ka je warsha wurin makanikai a cire maka ita.

Manhajojin waya suna faɗakarwa kan kyamara, suna taimakawa, amma kada ka jingina da su, mai yawon nan ba kullum suke saninsa ba kuma wani lokaci iyakar gudun da suke nunawa tsohuwa ce. Wayar ma a maƙale ta a jikin mariƙi tun kafin a tashi. Tun 2018 kyamarori ke kama riƙe waya da rashin ɗaura bel, wayar riyal 500 zuwa 900 ce, bel 150 zuwa 300, sai ka ga mutum yana latsa waya don ya gano inda Sahir yake Sahir ɗin kuma yana ɗaukarsa da wayar a hannu.

Sai matsalar layin hagu, wadda duk mai tuƙi a nan ya sani. Kana kan 120 ɗinka sai ga wani ya manne maka a baya yana watsa maka fitila kamar zai hau kanka. Abu biyu ne ba a yi. Kada ka ƙara wuta don ka tsere masa, don kai ne a gaba kai kyamara za ta fara ɗauka, shi kuma ya san inda take zai taka birki ya bar ka da ita. Kada kuma ka gangara kan layin rawaya na kafaɗar titi don ka ba shi hanya, tafiya a kan kafaɗa tararta 1,000 zuwa 2,000 ce. Sa sigina, jira dama ta samu, koma layin tsakiya, ya wuce da rabonsa. Mafi sauƙi ma ka zauna a tsakiyar tun farko, hagu sai in za ka wuce wani. Kuma ka bar tazara tsakaninka da na gabanka, saboda masu taka birki kwatsam in sun hango kyamara suna da yawa, in ka daki bayansa kai Najm, kamfanin da ke zuwa duba hatsari, za ta fi ɗora wa laifi.

Dabarar lanƙwasa lambar mota ko shafa mata laka ko manna wani abu a kan harafi ɗaya, don Allah kada ma ka saurari mai ba ka wannan shawara. Ɓata lamba tararsa 5,000 zuwa 10,000 ce, ka gudu daga 150 ka faɗa wannan. Ishara kuma, wato fitilar ba da hannu, in ta yi rawaya kana nesa tsaya kawai, tsallake ja 3,000 zuwa 6,000 ne, kuma inda aka yarda a juya dama a kan ja sai ka tsaya cak tukuna ka duba sannan ka juya.

Na biyar, in mutum ne ya tsayar da kai ba na'ura ba. Sa sigina ka gangara dama inda babu haɗari, kunna fitilun gaggawa, zauna cikin motarka ka sauke gilashi, kada ka fito ka nufe shi sai in shi ya kira ka. Yi masa sallama, in ka iya ka ƙara da ya'aɗikal afiya (Allah ya ba ka lafiya), ka miƙa abin da ya tambaya: iƙama (katin zama), ruksa (lasisin tuƙi), istimara. Na cikin waya da ke Absher ko Tawakkalna ana karɓa, amma ka tabbata wayar da caji kuma kana iya buɗe manhajar, ba sai a gabansa ka fara neman kalmar sirri ba. In Larabcinka bai nuna ba faɗa masa a hankali, sun saba da baƙi. Wani jami'in yana iya yi maka nasiha ya sallame ka in abin ƙarami ne, wannan ganin damarsa ne ba haƙƙinka ba, in kuma ya shigar da ita a na'urarsa to ta shiga, gardama a bakin titi ba ta goge ta. Babban abin da zan ja kunne a kai shi ne kada ka kuskura ka miƙa kuɗi ko ka yi maganar a sasanta. Ba a biyan tara a hannu a ƙasar nan, kuma abin da wani ya saba kira na goro a nan sunansa rashawa, shari'arsa daban ce mai kai mutum gidan yari da tarhil, wato kora daga ƙasar. Kada kuma ka ɗaga waya kana ɗaukarsa bidiyo. In kana ganin an zalunce ka, riƙe lokaci da wurin a ranka, akwai inda ake kai ƙorafi.

Na shida, saƙo ya shigo, sai me? Kada ka yi fushi ka share shi. Buɗe Absher, shiga ɓangaren Murur, duba mukalafar: ranar, lokacin, garin, lambar motar da irin laifin. Tambayi kanka a wannan lokacin motar tana hannunka? Kana garin ma kuwa? Yana faruwa kyamara ta karanta lamba ba daidai ba, ko motar tana warsha, ko tafwid ɗinka ya riga ya ƙare. In akwai kuskure na gaske kana da kwana 30 ka shigar da i'itirad, wato ƙorafi, a cikin Absher ɗin ake yi ba sai ka je ofis ba, ka zaɓi mukalafar ka zaɓi dalili ka rubuta bayani gajere da Larabci, in ba ka iya ba ka sa wani ɗalibi cikin 'yan uwa ya rubuta maka, sai ka jira amsa ta waya. Amma dalili irin na ina sauri ne madam za ta makara ko ban ga allon ba, wannan ɓata lokacinka ne.

In kuwa ka san kai ne, to biya da wuri shi ne riba. Tun 18 ga Afrilun 2024 ake rage kashi 25 cikin 100 ga wanda ya biya a kan lokaci, wato cikin kwana 45 daga ranar da aka rubuta ta, sai 300 ta koma 225, 800 ta koma 600. In aljihu ya yi ƙasa ana iya neman ƙarin wa'adi na kwana 90 ta Absher, amma a nema kafin kwanakin farko su cika. Biyan kuma ta manhajar bankinka ne ko na'urar cire kuɗi, ka shiga biyan kuɗin gwamnati na SADAD, ka zaɓi mukalafar Murur, ka sa lambar iƙamarka ko lambar mukalafar. Ana kuma iya dubawa a dandalin Efaa. Rangwamen rabi da aka yi na tsofaffin tara ya rufe tun Afrilun 2025, saboda haka duk saƙon da ya zo maka a WhatsApp ko wani ya kira ka wai latsa nan a rage maka rabi, ko turo kuɗin ni zan biya maka da ragi, ɓarawo ne. Ragin gaskiya da kansa yake fitowa a cikin lissafin, ba ya buƙatar ɗan tsakiya.

Direbobin gida, wannan naku ne. Ku yi maganar tara da kafili tun ranar farko cikin ladabi, ba ranar da saƙo ya zo ba. In ana matsa maka ka yi sauri, faɗi lambar da bakinka: Baba, hanyar nan 80 ce, in na kai 115 riyal 800 ne, a kan wa? Yawanci da sun ji adadin suke cewa a tafi a hankali. Kuma ka riƙa rubuta lokacin da ka ajiye makulli da lokacin da ka ɗauka in motar hannu da yawa ke taɓa ta.

Masu cewa bari ta taru in na tashi tafiya gida na biya, ku sani tarar da ba a biya ba tana tare sabunta ruksa da istimara, tana tare sayar da motar, kuma ba za a buga maka kuruj wa auda (bizar fita da dawowa) ko kuruj niha'i (bizar fita ta ƙarshe) ba sai ka share ta, ga shi doka ta ba da damar a cire kuɗin daga asusun bankinka in wa'adi ya wuce. Sannan gudun da ya haura iyaka da fiye da 50 a hanyar 120, ko fiye da 30 a hanyar 140, ba a lissafa shi da ƙananan laifuka, yana cikin masu barazana ga rayukan jama'a, in ka maimaita cikin shekara ɗaya mafi girman tarar za a ɗora maka, a karo na uku kuma kotu ce, baƙo kuwa bai kamata ya bari takardunsa su kai can ba.

In za ka tafi hutu ko ka bar aikin, sati biyu kafin tafiyar ka duba Absher, ka sake dubawa ana saura kwana biyu don wata mukalafar takan yi jinkirin fitowa. Ka soke duk tafwid ɗin da ke kanka na motar da ka mayar, motar haya ma ka tabbata sun rufe kwantiragin a gabanka ranar da ka miƙa makulli. In kuma sayar da taka ka yi, kada ka ba da mota a kan alkawarin za a canza suna daga baya, a gama canjin mallaka a Absher ko a ma'arad (wurin dillalan motoci) tukuna, ka ga motar ta fita daga jerin motocinka da idonka sannan ka miƙa makullin.